Mai sayar da ƙarfinsa ma ya kamata ya iya cewa albarka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jama'a, ya kuma haƙuri da wannan tsada. Don Allah a ɗan sammini fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, a yi mini afuwa, tsoho in ya ɗauko zance sai a hankali.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, na yi aiki a wani kamfanin saƙa a Bompai, nan Kano, tun ƙarshen shekarun 1980 har ranar da aka datse get da kwaɗo aka ce kowa ya kama gabansa. Yanzu ina ɗan taɓa saye da sayarwa a gefen kasuwar Kwari, ba wani babban abu ba, yadi ne da 'yar shadda ta masu ƙaramin ƙarfi. Abin da ya sa na zauna ina danna wayar nan da yatsa ɗaya shi ne ɗan ƙanwata, yaro ne mai hankali wallahi, ya gama sakandare, shekararsa uku kenan yana aiki a wani kamfanin leda a Sharaɗa, kuma har yau ba shi da ko da guntuwar takarda da ke nuna cewa shi ma'aikacin wajen ne. Kwanakin baya inji ya taɓa masa hannu, ya cire masa kan yatsu biyu. Aka kai shi kemis aka naɗe, aka ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba aka ce ya je ya huta. Kwanakin da ya yi a gida ba a biya shi ko sisi ba, tunda su lissafinsu na yini ne, ranar da ka shiga an rubuta maka naira 2,000, ranar da ba ka shiga ba babu.

Da hannun ya ɗan yi sauƙi na ce masa gobe tare za mu tafi, ina so in ga manaja. Bai so ba amma ya kasa yi mini musu. Muna idar da asuba muka kama hanya, kafin ƙarfe 6:30 muna bakin get, Malam Edita abin da na gani ya fi ciwon hannun tayar mini da hankali. Samari ne tsaye cunkus, wasu a tsugune jikin katanga suna shan koko a leda, wasu ko karin kumallon ma babu, kowa idonsa na kan 'yar ƙaramar ƙofar nan ta jikin get. Can sai ga foman ya fito da takarda a hannu ya fara kiran suna, wanda aka kira ya kutsa ciki da sauri, da ya gama sai ya ɗaga kai ya nuna wasu da biro, kai, kai, da kai mai jar riga, shi kenan ya juya. Sauran suka ɗan tsaya jim ko za a ƙara, da suka ga an ja ƙofa suka watse, wasu suka nufi get ɗin gaba ko za a dace.

Na tare foman ɗin na yi masa sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, Baba ka yi haƙuri, mu ba mu muka ɗauke shi ba, ejan ne ya kawo su, shi za ka nema. Na samu ejan ɗin a waya ya ce Alhaji ni nawa kawo mutane ne kawai, abin da ya faru a cikin kamfani ai na kamfani ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina shirin ɗaga murya yaron ya riƙo gefen rigata da hannun mai lafiya ya ce, Kawu don girman Allah ka bari, in ka yi magana gobe ba za a kira sunana ba, ka ga dai mutanen da ke tsaye. Na yi shiru. Gaskiya ya faɗa.

Tun daga ranar nake juya abin a raina a bakin rumfa. Mu 'yan kasuwa mun san ciniki. Mai saye ya zo ya taya, in tayin bai yi maka ba ka ce albarka, ya ƙara, ka ce albarka, in ya ga dama ya tafi, kai kuma ka ninke yadinka ka mayar kan kanta, gobe ma rana ce, yadi ba ya ruɓa. Wannan kalma ta albarka ita ce duk ƙarfin mai sayarwa, ranar da aka san ba ka iya faɗinta to kayanka sun zama na banza. To shi lebura me yake sayarwa? Ƙarfinsa da yininsa. Shi kuma yini kayan gwari ne, ya fi tumatirin 'Yankaba saurin lalacewa, in ba ka sayar da na yau ba ya tafi kenan, ba a ajiye shi a sayar gobe, ga cefane na jira a gida, ga mai haya, ga kuɗin makaranta. Mai kamfani zai iya jira sati, lebura ba zai iya jira har la'asar ba. Sannan mai saye ɗaya ne a bayan get, masu sayarwa sun fi a ƙirga a gaban get. A irin wannan kasuwa farashi ba ya bin darajar aikin, yana bin wanda ya fi kowa yunwa a cikin layin ne, abin da shi zai karɓa shi za a ba kowa.

Shi ya sa nake dariya in na ji masu ilimin boko a rediyo suna cewa a bar kasuwa ta yi halinta, wai albashi yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu da suka amince. Wace amincewa? Ai ko a fiƙihun ciniki an san akwai bambanci tsakanin wanda ya sallama da yardarsa da wanda wuya ta sa ya sallama. Ƙungiyar ƙwadago ba komai ba ce illa dabarar da ma'aikata suka gano ta yadda su ma za su iya cewa albarka. Mutum ɗaya in ya faɗa an maye gurbinsa kafin ya kai bakin titi. Amma in duk masu kan inji suka faɗa tare, da masu lodi, da direbobi, to a nan ne manaja zai jawo kujera ya ce ku zauna mu yi magana.

Mu duba maganar mafi ƙarancin albashi ta 2024, tunda kowa ya shaida. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC ƙarƙashin Joe Ajaero da TUC ta Festus Osifo, sun fara da neman naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta ja, aka kai 60,000, ranar 3 ga Yuni aka tsunduma yajin aiki har aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa aka rufe filayen jirgin sama, kwana biyu ba a cika ba gwamnati ta ce a dawo tebur. Ƙarshe dai aka tsaya a 70,000, Shugaba Tinubu ya sa hannu a ƙarshen Yuli, aka kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara 5 zuwa 3. A nan Kano Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ɗora dubu ɗaya a kai ya ce 71,000. Wannan ciniki ne sak irin na Kwari, an taya an ce albarka an ƙara. Kuɗin ba su da yawa, a lokacin da aka sa hannu ko buhun shinkafa ba su saya, kuma in ka juya su dala ba su kai 50 ba, alhali naira 125 da Shagari ya sa wa hannu a 1981 ta haura dala 200. Amma duk da haka a tambayi kai, da babu wanda zai iya kashe wuta ya rufe sakatariya, da 48,000 ɗin ma an taya? Ai da har yanzu ana kan 30,000 ta Buhari ta 2019, bayan an cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 komai ya ninka.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan 71,000 wa ta kai wa? Ta kai wa ma'aikacin sakatariyar Audu Bako da malamin makarantar gwamnati da ma'aikacin asibiti, wato masu ƙungiya, masu bakin magana. Ɗan ƙanwata fa? Naira 2,000 sau kwana 26, in har an kira sunansa kullum kenan, 52,000 ne, kuma awa 12 yake yi a tsaye, sati ɗaya rana sati ɗaya dare, ba obatayim ba hutun shekara. Dokar mafi ƙarancin albashin kanta ta cire duk wajen da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho da na wucin gadi a gona. Ka ga kenan malamar makarantar kuɗi ta cikin lungu, da yaron gidan mai, da maigadi, da yarinyar da ke zaune a rumfar POS tun safe har dare, da matan da ke tsintar riɗi da zoɓo a sito-sito na wajen Dawanau, duk doka ta bi ta gefensu ta wuce. Waɗanda kuma dokar ta shafa, irin kamfanonin da ke da ɗaruruwan ma'aikata, sai aka ɓullo da dabarar ejan, a takarda kamfani ba shi da lebura ko ɗaya, duk na ɗan kwangila ne. Kuma abin haushin, ranar da aka sanar da ƙarin albashi a rediyo ranar mai shago da mai gidan haya suke ƙara nasu, ba sa tambayar ko kai ma'aikacin gwamnati ne. Wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

Dokoki kam muna da su, ba su ne suka yi ƙaranci ba. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar ƙwadago ta ce kafin mutum ya wuce wata 3 da fara aiki a ba shi takarda a rubuce mai nuna sharuɗɗan aikinsa. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, saboda irin ranar da inji zai ci hannun wani. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 mai ɗaukar aiki ya sa kashi 10. Kotun ma'aikata ma tana da reshe a nan Kano. Duk suna nan a rubuce. Amma takarda ba ta da ƙafa, ba ta zuwa bakin get da kanta, sai wani ya ɗauke ta ya kai, kuma wanda zai kai ɗin dole ya zama wanda ba a iya kora da nunin biro. Yaron da ke tsoron kada a tsallake sunansa gobe shi ne zai ɗauki lauya? Na ji an ce a ƙasashe irin su Suwidin da Denmak gwamnati ba ta ma yanka mafi ƙarancin albashi da doka, ƙungiyoyi ne da masu kamfanoni suke zama su yanke na kowane fanni, saboda yawancin ma'aikatansu 'yan ƙungiya ne, kuma lebura a can bai san irin wannan wulaƙanci ba. Su ba doka sai ƙarfi, mu ga doka ba ƙarfi, kowa ya ga wanda ya fi cin riba.

Bari in faɗi yadda muka yi a namu zamanin, ba don in ce da ta fi yanzu a komai ba. Lokacin da na shiga masaƙa akwai reshen ƙungiya a cikin kamfanin, da ɗan ofishinsu kusa da kantin abinci. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda Adams Oshiomhole ya yi wa babban sakatare tun 1982 kafin ya zama shugaban NLC a 1999, ita ce take zama da ƙungiyar masu masaƙu gaba ɗaya a yanke albashi da alawus na duk fannin, abin da aka sa wa hannu ya hau kan masaƙar Kaduna da ta Kano da ta Legas. Hikimar wannan sai daga baya na gane ta. In kamfani ɗaya ne ya ƙara albashi shi kaɗai, na kusa da shi zai karya farashi ya kashe shi, shi ya sa ko mai kamfanin da ke da tausayi ba ya iya yin kirki shi kaɗai. Amma in an ɗaure kowa da igiya ɗaya, to gasa ta koma kan wa ya fi iya saƙa da rini, ba wa ya fi iya matse lebura ba.

Na tuna wata rana bel ya fizgi hannun wani abokin aikinmu a sashen kaɗi, mutumin wajen Gezawa ne, Allah ya jiƙansa ya rasu tuni. Kafin a fita da shi sakataren reshe ya iso da littafinsa, ya rubuta lokaci, ya rubuta lambar injin, ya rubuta sunan shaidu, ya kuma nuna cewa murfin bel ɗin an cire shi tun sati biyu ba a mayar ba. Sufabaiza ya ce a ci gaba da aiki, sakatare ya ce ba mai taɓa inji a sashen nan sai an mayar da murfi. Muka zauna a ƙasa kan ɗaurin auduga, ba hayaniya ba zagi, shiru kawai, kuma wanda bai taɓa jin masaƙa ta yi shiru da rana tsaka ba ba zai gane nauyin abin ba. Kafin azahar an ɗaura murfi. Mutumin nan an yi masa magani a asibiti da kuɗin kamfani, albashinsa bai tsaya ba, da ya warke aka mayar da shi sito inda ba ya buƙatar hannu biyu. Ba don manajanmu waliyyi ba ne, mutum ne kamar na Sharaɗa, lissafi kawai ya yi ya ga shirun injinan ya fi murfin bel tsada.

Kuma dattawan da muka tarar sun sha ba mu labari cewa su ma ba a sama suka tsinta ba. A 1971 da aka yi ƙarin albashi na kwamitin Adebo, ma'aikatan kamfanoni a nan Kano sai da suka yi bore kafin nasu ya fito, haka aka sake fama lokacin ƙarin albashi na Udoji bayan 1974. In aka koma baya, yajin aikin gama gari na 1945 da Michael Imoudu da ma'aikatan reluwe suka ja gaba, sama da kwana 40 aka yi ana ja da Turawan mulki a kan alawus na tsadar rayuwa. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu. Malam Aminu Kano kansa kafin NEPU da haɗa kan malaman makaranta na Arewa ya fara. Hutun 1 ga Mayu da ake yi yanzu a duk ƙasa, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ce ta fara ba da shi a Kano a 1980, tarayya ta bi a 1981. Saboda haka masu cewa wai ƙungiyar ƙwadago baƙon abu ne, halin 'yan kudu ne, ba su san garinsu ba. Garin da ke da sarkin maƙera da sarkin fawa da sarkin aska tun kafin Bature ya zo, wa zai koya masa cewa masu sana'a ɗaya suna haɗa kai su tsare mutuncin sana'arsu?

Na san abin da masu kamfani za su ce, kuma ba zan ce duk ƙarya ba ne, ina zaune da wasunsu a sahu ɗaya a masallaci. Za su ce wuta ta yi tsada, gaskiya ne, a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato ta masu samun wuta mafi yawa, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Za su ce dizal, za su ce dala, za su ce haraji kala-kala, za su ce kayan China sun cika kasuwa. Duk haka ne. Amma abin lura, mai wuta in ya ƙara kuɗi biya ake yi, mai dizal biya ake yi, banki biya ake yi da kuɗin ruwa, saboda kowannensu yana iya cewa albarka ya rufe famfo. Mutum ɗaya ne a cikin lissafin ba ya iya faɗa, shi ya sa duk asarar da aka kwaso daga wajen waɗancan a kansa ake saukewa. Wasu kuma suna cewa ai ƙungiya ce ta kashe masaƙu. Haba jama'a. Ina ciki aka rufe tamu. Rashin wuta ne, da fasa-ƙwaurin atamfa ta kan iyaka, da lalacewar noman auduga, da faɗuwar naira tun daga SAP, shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da ta sa kayan gyaran inji suka gagara. Ni da nake sayar da yadin waje a Kwari yau, da kunya nake faɗa, na fi kowa sanin abin da ya kashe masaƙa. Hasali ma a shekarun ƙarshe ƙungiyar ce take bin gwamnati tana roƙon a ceci kamfanonin, kuma ɗan abin sallama da wasunmu suka samu da ƙarfinta aka samu.

Su ma shugabannin ƙwadago ba zan ƙyale su ba, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga shugaban reshe da aka ba kujerar Makka ya dawo ya manta da hanyar ofishin ƙungiya. Na ga inda ake cire kuɗin ƙungiya daga albashi duk wata amma ba ka ganin kowa sai ranar 1 ga Mayu an raba riga da hula an yi fareti. Sannan yajin aiki wuƙa ce, tana yanka wanda ba shi da laifi, in asibiti ya rufe talaka ne ke mutuwa a gida mai kuɗi ya tafi na kuɗi, kuma wata 8 da ASUU ta yi a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, 'ya'yanmu ne suka zauna a gida ba 'ya'yan ministoci ba. Ina ganin dalilin da ya sa talakan gari ya fara ɗaukar NLC kamar ƙungiyar ma'aikatan gwamnati zalla kenan, in an kira yajin aiki sai ka ga Kwari da Singa da Sabon Gari a buɗe kamar ba a yi ba. Ba haka abin yake ba a Janairun 2012, lokacin da Jonathan ya kai litar mai daga 65 zuwa 141, gari gaba ɗaya ya fito, matasa suka kwana a shataletalen Silver Jubilee, har aka dawo da ita 97. Ranar kowa ya ji abin nasa ne. Ƙungiyar da ta bar mafi yawan masu gumi a waje tana rage wa kanta ƙarfi ne, don duk yaron da ke tsaye a bakin get ba shi da kowa, shi ne sandar da za a doki mai ƙungiyar da ita gobe, a ce in ba ka so ga wanda zai yi a rabin kuɗinka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yanzu ma ai a bankuna da ma'aikatu an cika da 'yan kwantiragi, masu shara da masu gadi duk an miƙa wa 'yan kwangila.

Kuma kada a ce mutanen da ba su da ofis ba sa haɗuwa. 'Yan adaidaita sahu sun nuna mana a 2021 da suka ajiye mashinansu a kan harajin naira 100 na kullum, da kuma farkon 2022 a kan kuɗin rajista. Gari ya tsaya cak, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa kowa ya taka sayyadarsa, ni kaina daga gida har Kwari a ƙafa na zo ina haki. Ban ce duk abin da suka nema sun samu ba, kuma ban ce duk halinsu a titi ina so ba, amma dai an kira su an zauna da su, abin da ba a taɓa yi wa ɗan ƙanwata da abokansa ba. 'Yan dako a kasuwa ma suna da shugabanni da farashin buhu da suka tsayar, ka je ka ce za ka ba da ƙasa da haka ka gani ko akwai mai ɗaga maka.

Abin da nake roƙo, shugabannin NLC da TUC na jiha su rage zama a ofis, su fito bakin get na Sharaɗa da Challawa da Bompai da Tokarawa da sassafe, ba da 'yan jarida da kyamara a yi hoto a tafi ba, a'a, su zo su san yaran nan, su yi musu rajista da ɗan abin da za su iya biya, ai akwai ƙungiyar ma'aikatan roba da fata da takalma a ƙarƙashin NLC, ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Su fara da abu ƙarami wanda ba mai iya musu a kai, takardar ɗaukar aiki cikin wata 3 kamar yadda doka ta ce, da magani da albashi ga wanda ya ji ciwo a bakin aiki, da kuma cewa kamfanin da mutum ke yi wa aiki shi ke da alhakinsa ko ta hannun wa ya shigo. Kuma a yi shi a unguwar masana'antu gaba ɗaya lokaci guda, don in kamfani ɗaya aka tunkara za a kori yaran ne kawai a ɗebi na layi. Kafin 2027 da za a sake zaman albashi, ya zamana akwai mai magana da bakin waɗannan a teburin. Malamanmu kuma da ke wa'azi, hadisin nan na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe muna ji a kai a kai, muna so a riƙa ƙarasawa da bayanin ladan da ya dace da gumin, a kuma faɗe shi a gaban masu sahun gaba.

Ku kuma Malam Edita, don Allah ku tura wakilinku, ba sai ya nemi izinin kowa ba tunda titi na gwamnati ne. Ya je Sharaɗa ranar Litinin kafin ƙarfe 6:30, ya tsaya wajen mai koko ya ƙirga waɗanda aka kira da waɗanda aka bari, ya kuma duba hannuwansu. Kada dai ya buga sunan kowa ko hotonsa. Ɗan ƙanwata yana cikinsu, ya koma tun satin da ya wuce, an sa shi a wajen ɗaure leda tunda yatsun ba sa riƙe abu sosai yanzu, kuma ya roƙe ni kada in sake zuwa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kano